Nazarin Lamari: Tsohuwar Audi TT da Ta Ci Tobo Biyu Cikin Shekara Guda

Motar da mai ita

Motar da wannan nazari ya bi diddiginta Audi TT ce ƙirar farko, mai ƙofa biyu da rufaffen sama, fitowar 2001. Kamfanin Audi na Jamus ya fara fitar da wannan ƙira a 1998, ya ci gaba da yin ta har 2006, ana kuwa harhaɗa ta a garin Győr na ƙasar Hangari. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa lita 1.8, kowace silinda da bawul biyar, uku na shigar iska, biyu na fitar hayaƙi. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun jama'a, mai ƙarfin doki 180 da mai ƙarfin doki 225, kuma wadda ake magana a kanta ita ce babbar, mai giya shida ta hannu, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake shaida ta daga baya da bakin salansa biyu. Tobon da ke jikinta, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, shi ne K04, wanda ya fi K03 na ƙaramar girma da ƙarfin tura iska.

Wanda ya saye ta ma'aikaci ne da ya daɗe yana sha'awar wannan ƙira, kuma shi ne mutum na huɗu da ya mallake ta. Lokacin da ta zo hannunsa ta haura shekara 20, mitar tafiyarta tana nuna kilomita 168,000. Jikinta babu tsatsa, kujerunta ba su yage ba, injin yana tashi da bugu ɗaya. Takardun sabis da aka ba shi sun cika har zuwa kilomita 95,000, daga nan kuma sai rasit uku kacal na juyen mai a tsawon kilomita fiye da 70,000, babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗi irin man da aka zuba. Ya lura da wannan giɓi, amma da aka nuna masa shaidar cewa ba a daɗe da canja famfon ruwa da bel ɗin taimin ba, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da na bawul, hankalinsa ya kwanta, domin a wannan inji tsinkewar bel ɗin kan sa fistin ya doki bawul, kuma wannan shi ne abin da masu irin motar suka fi tsoro.

Kwana biyar a mako yana tafiyar kilomita 6 da ita zuwa wurin aiki, ya dawo da yamma, tafiyar da takan ƙare kafin man inji ya gama ɗaukar zafi. A ƙarshen mako kuma yakan hau babbar hanya ya sakar mata linzami na sa'a ɗaya ko biyu, ya dawo gida ya kashe ta da zarar ya tsaya.

Alaƙar tobo da man inji

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san yadda tobo yake rayuwa. Farfela biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana zuƙo iska tana cusa ta cikin silinda da ƙarfi, wanda hakan ke ba ƙaramin inji damar ƙona fetur mai yawa ya ba da ƙarfin babba. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke bugun farfelar farko kuwa zafinsa yana iya kaiwa digiri 900 a ma'aunin Salshiyas idan ana gudu sosai. Sandar ba ta zaune a kan ƙarfe kai tsaye. Tana yawo ne a kan siririn shimfiɗin mai a cikin zobban tagulla, kuma man da ke shigowa ta wani siririn bututu shi ne yake ɗauke ta, shi ne kuma yake kwashe wani ɓangare na zafin, sannan ya gangara ta wani bututu mai faɗi ya koma kaskon ƙasan inji. Idan man ya ragu na 'yan daƙiƙu a irin wannan gudu, ƙarfe ya taɓa ƙarfe ke nan.

Man duka daga wuri ɗaya yake tasowa. A cikin kaskon, wanda ke ɗaukar kimanin lita 4.5, akwai bututun zuƙo mai da ke da rariyar ƙarfe a bakinsa, kuma ta wannan rariya famfon mai yake jan duk abin da zai aika wa karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da tobo. Matatar mai da ake canjawa a lokacin sabis tana bayan famfon ne, saboda haka ba ta kare rariyar daga komai.

Man da ya daɗe a inji, musamman wanda ba na sintetik ba, wato ba irin wanda aka sarrafa don ya fi jure zafi ba, yana lalacewa ta hanya biyu. Gajerun tafiye-tafiye suna bar masa raɓa da ɓurɓushin fetur da ba su ƙone ba, har ya yi kauri kamar kwalta. Kashe inji da zafin gudu kuma yana tsayar da zagayawar mai alhali tobo yana nan jajir, sai man da ya rage a cikinsa da cikin bututunsa ya dahu ya zama ƙanzo mai tauri. Masu ƙirar sun san da wannan, shi ya sa suka sanya ƙaramin famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa ta cikin tobon na 'yan mintuna bayan an zare mukulli.

Wata na 1 zuwa na 4

A makon farko mai motar ya sa aka juye mai aka canja matata. Ba a tambaye shi irin man da yake so ba, shi ma bai tambaya ba. Yaron garejin ya nuna masa wani baƙin abu mai danƙo a cikin murfin zuba mai, aka goge da tsumma aka mayar.

Daga wata na biyu ya fara jin wata ƙara kamar ta sarƙa daga bayan kan inji duk safiya, tana yin daƙiƙa biyu ko uku sannan ta yi shiru. A wannan inji bel yana juya kamshaf ɗaya ne kawai, ɗayan kuma wata gajeriyar sarƙa ce ke haɗa shi da ɗan'uwansa, kuma abin da ke ɗaure sarƙar da matsin mai yake aiki. Ya ambata wa makanikensa, aka ce masa tsufa ne, duk irinsu haka suke yi. Zuwa ƙarshen wata na huɗu ƙarar tana kai daƙiƙa biyar.

Wata na 5: jar fitila

Mitar tana kan kilomita 172,400 ranar da abin ya fara bayyana a fili. Ya yi kusan minti 40 yana gudu a babbar hanya sai jar fitilar mai ta kama a dashbod tare da ƙarar gargaɗi. Ya tsaya a gefe ya kashe, ya jira, ya zaro gejin mai ya ga yana nan daidai tsakanin layi biyu. Da ya sake tayarwa fitilar ba ta dawo ba, ya koma gida a hankali.

Makaniken ya ce tun da mai bai ragu ba, kuma injin ba ya bugu, to ɗan sensan matsin mai ne ya gaji, abin da kuwa yake faruwa a tsofaffin motoci. Aka canja shi. Wannan sensa makunni ne kawai da ke aiki a kusan bar 1.4, wato ma'aunin da ake auna matsi da shi, kuma dashbod ɗin ba ya kula da shi sai inji ya haura juyi 1,500 a minti. Ba ya faɗin yawan matsin, iyakarsa ya nuna cewa an faɗi ƙasa da wannan layi. Ba a ɗaura gejin awo a ranar ba. Mako uku motar ta yi lafiya, galibi a gajeriyar hanyar wurin aiki, sannan fitilar ta sake kamawa a babbar hanya, wannan karon bayan minti 25.

Wata na 6 zuwa na 8: mai mai kauri da mutuwar tobon farko

Shawara ta biyu da makaniken ya kawo ita ce injin ya kwana biyu, ramukansa sun buɗe, saboda haka siririn mai ba zai riƙe matsi ba. Aka juye aka zuba mai mai kauri, 20W-50, wanda ba na sintetik ba. Kamfanin kuwa ya ƙayyade wa wannan inji man da ya cika ƙa'idar VW 502 00, wanda galibi ake samu a 5W-40 na sintetik. Fitilar ta ɗauke na kusan wata biyu. Ƙarar safiya dai ta ƙaru, har mai motar ya koma barin injin yana silo, wato yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, na minti biyar kafin ya tashi.

A wata na takwas, a kilomita 174,900, aka fara jin wani siririn kuka kamar na jiniya yana tashi yana sauka tare da totur. Cikin kwana goma ƙarfin motar ya ragu, shuɗin hayaƙi ya fara fita daga salansa, musamman idan ta daɗe a silo sannan aka taka. Da aka cire tiyon iska aka taɓa farfelar gaba da yatsa, sandar tana wasa sama da ƙasa da gaba da baya, bakin farfelar kuma ya riga ya goge jikin gidansa. Tobo ya mutu, babu gardama a kan wannan.

Aka sayo sabo aka ɗaura. A wannan mota injin a kwance yake a gicciye, tobon yana can baya tsakanin injin da bangon ɗakin direba, wuri mai matsi da wahalar shiga hannu, kuma aikin ya ci kwana biyu. An canja gaskit da kusoshi, an juye mai, an sake zuba 20W-50. Tsohon bututun da ke kai wa tobo mai an hura masa iska, iskar ta fita ta ɗaya bakin, aka mayar da shi. Bututun dawowa ba a kwance shi daga kasko ba. Motar ta dawo da ƙarfinta, hayaƙin ya ragu ƙwarai ko da yake bai ɗauke ɗungum ba, aka ce ragowar man da ya taru a salansa ne yake ƙonewa.

Wata na 9 zuwa na 11: wankin inji da tobo na biyu

Mako biyar bayan haka fitilar ta sake kamawa. A wannan karon mai motar da kansa ya tuna baƙin abin da aka gani a murfi, ya ce ko datti ne a ciki. Aka sayo ruwan wankin inji na gwangwani, aka zuba a tsohon mai, aka bar injin a silo na minti 15, aka juye. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, da gutsattsari a ciki, kuma mai motar da makaniken duka suka ɗauki wannan a matsayin alamar nasara.

Abin da ya biyo baya gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Kafin wankin, fitilar ba ta kamawa sai an yi doguwar tafiya da gudu. Bayansa kuwa ta fara kamawa a cikin gari, a kwana, ko a hawan tudu, wani lokaci bayan minti goma kacal. Mai motar ya rage hawa babbar hanya, ya koma tafiya a hankali, amma bai ajiye ta ba. A wata na goma sha ɗaya, a kilomita 178,000, kukan jiniyar ya dawo. Sabon tobon ya yi kilomita 3,100 ke nan. Wanda ya sayar da shi ya ƙi karɓarsa, ya ce alamun da ke jikin sandar, wadda ta sauya launi zuwa shuɗi-shuɗi, na ƙarancin mai ne, ba na lahanin ƙira ba.

Wata na 12: awo

A nan ne mai motar ya ɗauke ta a kan babbar mota, bai tuƙa ta ba, ya kai wa wani makanike da ya saba da irin waɗannan injuna. Wannan bai kwance komai ba a ranar farko. Ya nemi a ba shi labarin tun daga farko bi da bi, ya rubuta lokacin da kowace alama ta fara da abin da aka yi a kanta, sannan ya cire sensan matsin mai ya ɗaura gejin awo mai allura a gurbinsa.

Da injin yana da sanyi allurar ta daɗe kafin ta motsa, kusan daƙiƙa shida, daidai tsawon ƙarar sarƙar. Littafin kamfani ya ce a auna matsin idan mai ya kai digiri 80 kuma inji yana juyi 2,000 a minti. A wannan yanayi gejin ya nuna bar 1.6, ƙasa da abin da littafin ya ƙayyade. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda allurar ta yi da aka ƙara totur. Da aka kai juyi 3,000 ta ɗan hau, ta yi rawa, sannan ta fara sauka a hankali har bar 1.2 alhali injin yana nan a kan gudunsa. Ya kashe nan take.

Bayanin da ya yi wa mai motar shi ne cewa injin da metal ɗinsa, wato zobban ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsu, ya cinye yakan nuna ƙarancin matsi a silo idan ya yi zafi, amma da an taka totur matsin yakan hau ya tsaya, saboda famfo yana samun mai isasshe, a gaba ne yake zubewa. Injin da matsinsa ke faɗuwa yayin da gudu ke ƙaruwa kuwa, famfonsa ne yake zuƙa ba ya samu, wato matsalar tana bakin shiga. Ya auna matsin silinda huɗun ya same su tsakanin bar 10.5 da 11, kusa da juna, abin da ya nuna cewa ringi da bawul ba su ne tushen hayaƙin ba.

Washegari aka sauke kaskon ƙasa. A gindinsa akwai baƙin taɓo mai kaurin yatsa. Rariyar kuwa ta toshe da gutsattsarin ƙanzo masu tauri kamar gawayi, da wasu ɓaraguzan roba da suka fito daga abin ɗaure sarƙa, har wurin da ya rage a buɗe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta ba. Da aka yanka tsohon bututun kai mai gida biyu, a sashen da ya bi kusa da zafin salansa ramin ya tsuke har da ƙyar tsinken ashana zai shiga. Iska za ta wuce ta irin wannan rami, shi ya sa gwajin hurawa bai nuna komai ba, amma mai mai kauri a safiyar sanyi ba zai wuce yadda tobo yake bukata ba. Bututun dawowa ya toshe wajen rabi. Tiyoyin numfashin inji da ke ƙarƙashin bututun shigar iska sun yi laushi sun manne, ɗaya ya tsage. Ƙaramin famfon ruwa na lantarki kuma ba ya motsi sam, kuma tsatsar da ke jikin wayarsa ta nuna ya daɗe a haka.

Toshewar bututun dawowa da ta hanyar numfashi ita ta bayyana hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan an sa tobo na biyu. Abin da ke tare mai a cikin tobo ba roba ba ce, wasu ƙananan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin, kuma suna aiki ne muddin man yana samun hanyar gangarawa. Idan hanyar ta cushe, ko iska ta taru a cikin inji tana turo shi baya, man zai bi ta zobban ya shiga salansa ko hanyar iska ko da tobon sabo ne fil.

Aikin da aka yi

Kafin a sayi komai, makaniken ya kwance murfin metal biyu na sandunan fistin da ɗaya na karanshaf ya duba, domin idan sun lalace babu amfanin sa tobo na uku a kan injin da zai buga. An ga goga a jikinsu, amma karanshaf ɗin bai yi zane ba. Aka canja metal na sandunan fistin huɗu daga ƙasa ba tare da an sauke inji ba, aka bar na karanshaf.

Aka wanke kaskon da hannu har ƙarfensa ya fito. Aka sa sabon bututun zuƙo mai da rariyarsa da zoben robarsa, aka sa sabon famfon mai saboda tsohon ya daɗe yana jan datti da iska. Aka buɗe murfin kan inji aka kankare abin da hannu zai kai, ana toshe ramukan gangarar mai da tsumma don kada gutsattsari su faɗa ƙasa, aka canja abin ɗaure sarƙar kamshaf. Bututun kai mai da na dawowa duka sababbi aka sa, haka tiyoyin numfashi da famfon ruwa na lantarki. Na'urorin sanyaya iska guda biyu da ke gefen gaba, dama da hagu, an kwance su an zubar da man da ya taru a ciki an wanke, domin barinsa zai sa injin ya ci gaba da hayaƙi, a kuma zargi sabon tobo.

Sai a ƙarshe aka ɗaura tobo na uku. An ɗura masa mai ta bakinsa ana juya farfelar da yatsa, sannan aka hana injin kamawa aka yi ta buga shi da sitata har allurar geji ta motsa, kafin a bar shi ya tashi. Man da aka zuba 5W-40 ne na sintetik mai ƙa'idar da kamfani ya faɗa. Da mai ya kai digiri 80, gejin ya nuna bar 3.3 a juyi 2,000, ya hau tare da totur ya tsaya cak a inda ya hau. A silo da zafi ya nuna bar 1.3. Aikin duka ya ɗauki kwana tara.

Wata na 13 zuwa na 24

Da yake ba a wargaza injin gaba ɗaya ba, an san akwai sauran datti a lungunan da hannu bai kai ba, kuma sabon mai zai riƙa narkar da shi sannu a hankali. Saboda haka aka juye mai da matata bayan kilomita 500, aka sake bayan 1,500, aka sake bayan 3,000, kowane karo ana yanka tsohuwar matatar a duba cikinta. Ta farko ta fito da baƙin gari mai yawa, ta biyu da kaɗan, ta uku kusan babu. A wata na 18 aka sake sauke kaskon don a gani da ido, aka tarar da 'yan gutsattsari a gefen rariyar waɗanda ba su rufe ko kashi ɗaya cikin goma ba, aka wanke aka mayar.

Mai motar ya sauya yadda yake tafiyar da ita. Ya tsayar da juyen mai a kowane kilomita 7,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ya daina barin ta a silo da safe, yana tashi bayan rabin minti ya tafi a hankali ba tare da ya matsa wa tobo ba har sai injin ya yi zafi. Idan ya dawo daga babbar hanya yakan yi kilomita biyu ko uku na ƙarshe a sannu, ya bar ta minti ɗaya kafin ya kashe, sannan ya saurara ya ji ƙaramin famfon ruwan yana aiki. Ya kuma sa aka ɗaura masa gejin matsin mai na dindindin a gefen dashbod.

A ƙarshen wata na 24 mitar tana kan kilomita 189,600. Fitilar ba ta sake kamawa ba, ƙarar safiya ta ɗauke, babu hayaƙi, kuma da aka taɓa farfelar tobon ba a ji wasan gaba da baya ba.

Hukunci

Ciwon motar nan guda ɗaya ne tun ranar da aka saye ta, wato famfon mai ba ya samun abin zuƙa, kuma duk abin da aka yi a watanni goma sha ɗayan farko an bar jaki ne ana dukan taiki. Asalinsa yana cikin kilomita 70,000 ɗin da takardunsu ba su cika ba, sannan gajeriyar tafiyar safiya, da kashe inji da zafi, da mataccen famfon ruwa suka ƙara masa. Ba lahanin tobo ba ne, kuma wanda ya ƙi karɓar na biyun yana da gaskiya.

Kuskure mafi tsada shi ne na wata na biyar, ko da yake a ranar shi ne ya fi kowane arha. Zaton cewa sensa ya gaji ba wauta ba ne, domin yakan faru, amma ramin da aka cire tsohon sensan daga ciki shi ne ramin da ake ɗaura gejin awo, kuma minti 20 na awo a ranar da ya nuna abin da aka gani wata bakwai daga baya, tun tobon asali yana da sauran rai. Man 20W-50 ya fi wannan illa, saboda ya ɗaga matsi a daidai inda sensa yake har fitilar ta yi shiru, alhali ya rage yawan man da ke iya ratsa rariyar da tsukakken bututun. Ya kashe gargaɗin ya bar cutar. Wankin inji kuwa tunaninsa ya kusa da gaskiya, domin datti ne matsalar, sai dai ya ɓamɓaro ƙanzon ya tara shi a wuri ɗaya tilo da duk man injin yake bi. A ganina bai kamata a zuba irin wannan ruwa a injin da ake zargin ya yi taɓo sosai ba, sai in za a sauke kaskon nan take bayansa.

Tobo na biyu kuwa an kashe shi ne tun ranar da aka ɗaura shi a kan tsohon bututu. Tobo ba kasafai yake mutuwa don kansa ba, kuma makaniken farko, wanda aikin hannunsa na ɗaurawa ba shi da aibu, bai tsaya ya tambayi abin da ya kashe na farkon ba. Mai motar ma yana da nasa kason, domin ya ci gaba da tuƙi wata biyu da jar fitilar mai tana kamawa, kuma sa'a ce kawai ta sa karanshaf bai tafi tare da tobon ba.

Abin da ya yi aiki shi ne jerin da makanike na biyu ya bi: labari tukuna, sannan awo, sannan buɗe kasko a gani, sannan duba metal kafin a kashe kuɗi a kan tobo, sannan gyara duk hanyar da mai yake bi daga rariya har ya dawo. Shawararsa ta barin metal na karanshaf ita ce kaɗai wurin da aka yi sassauci, kuma alamarta tana nan a geji. Matsin silo da zafi, wanda ya fara a bar 1.3 bayan gyara, ya tsaya a 1.2 a awon wata na 24. Mai motar da makaniken sun amince cewa idan ya ci gaba da sauka a awo biyu a jere, za a sauke injin a canja metal ɗin karanshaf a lokacin canjin bel ɗin taimin na gaba.